Yadda Muka Karantar Da Yara Labarin Shanu Da Nama

A cikin watan da aka rarraba mu makarantun ƙauye don mu gwada hannunmu a koyarwa, mu biyu aka kai mu wata makaranta ta bakin fadama, aka ba mu aji na huɗu, yara talatin da 'yan kai. Cikin darussan da aka ɗora mana har da na kiwon shanu da yadda a ke samun nama. Muka yi murna, muna cewa wannan ai ba wuya, gama wane ne a ƙasar nan bai san saniya ba? Ga yadda muka ƙare da shi, ko ya amfani 'yan'uwanmu da za su fita bayanmu.

Ran farko muka shiga da wani littafi mai hotunan gandun shanu na ƙasar Amurka, ga shanu ƙosassu cikin shingen waya, ga mutane bisa dawaki da manyan malafuna. Muka karanta, muka fassara, muka nuna hotuna. Da za mu rufe sai muka ce, "To, kun ga kiwo na gaskiya ke nan, ba yawon wahala irin namu ba." Kafin mu rufe baki yara duk suka waiwaya baya, inda waɗansu 'yan Fulani biyu su ke zaune, suka fashe da dariya. Wanshekare yaran nan biyu ba su zo ba, jibi ma haka.

Babban malami ya kira mu ya ce, "Malamai, shekara biyu na yi ina lallashin uban yaran nan kafin ya sako mini su. Kiwo kuka koyar, ko kuwa raini?" Muka rasa ta cewa. Da la'asar muka tafi ruga, muka durƙusa muka gai da dattijon, muka ba shi haƙuri. Bai yi mana faɗa ba. Sai ya sa aka kamo wani sa, ya buɗe bakinsa, ya ce, "Malamai, shekarunsa nawa?" Ba mu sani ba. Ƙaramin yaron nan da aka yi wa dariya ya leƙa sau ɗaya ya faɗa. Daga nan muka koma muka sake shirin darasin tun daga tushe.

Abin da muka fara da shi ita ce dabbar kanta. Muka roƙi dattijon, ya bar yaransa suka koro mana saniya da maraƙinta har inuwar makaranta, muka sa su su yi bayani, mu muna taimako. Yara suka gani da idonsu saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri, a ƙasa kuwa guda takwas. Haƙoran nono su kan faɗi biyu biyu, manya su maye gurbinsu. Biyun farko su kan fito wajen shekara biyu, bakin kuwa ba ya cika sai dabba ta kai huɗu ko biyar. Da wannan dillali ya ke sanin shekarun sa a kara, ko mai shi ya yi rantsuwa. Muka gaya musu cikinta ɗaki huɗu ne, babban shi ne tumbi, can ta ke tara ciyawa ta jiƙa, in ta kwanta ta komo da ita baki ta yi tuƙa. Saboda haka ne ta ke iya mai da ciyawa da kara, abin da mutum ba ya ci, su zama nono da nama. Ta kan ɗauki ciki wata tara da 'yan kwanaki. 'Yan Fulanin suka ƙara mana da sunayen iri: Bunaji farare masu baƙin kunne, Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, Bokoloji na ƙasar Sakkwato masu guntun ƙaho da saukar wuya. Ran nan ba wanda ya yi dariya.

Darasi na biyu shi ne muka fi daɗewa a kai, kuma a ganinmu shi ne cibiyar maganar duka. Muka tambayi yara, "Yaushe shanu su ke ƙiba?" Suka ce da damina da kaka. "Yaushe su ke ramewa?" Suka ce da rani da bazara. Muka zana layi a allo, yana hawa wata biyar, yana sauka wata bakwai, ya sake hawa, ya sake sauka. Muka ce wannan shi ne nauyin sa a ƙasarmu. Abin da ya tara da damina, rani ya karɓe wani kashi, shi ya sa ya kan kai shekara huɗu ko biyar kafin ya isa yanka. Sa'an nan muka juya darasin ya zama lissafi. Saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar kamar kilo 6 na busasshen abinci kowace rana. In aka ce rani kwana 200 ne, nawa za ta ci? Yara suka buga, suka sami kilo 1,200. Shanu goma fa? Kilo 12,000. Ruwa kuma, a kwanakin zafi sai ta sha jarka ɗaya da rabi a yini, ko fiye. Muka ce su lissafa jarka nawa garke mai shanu hamsin zai sha a mako.

Da suka ga yawan abin sai aji ya yi tsit. Wani ɗan manomi ya ce, "Malam, ashe ba don son yawo su ke tafiya kudu ba." Muka ce haka ne, makiyayi yana bin ciyawa da ruwa ne inda su ke, da ya ke ba shi da rumbun da zai ɗauki wannan kaya. Da damina kuma ya komo arewa don gudun ƙudan tsando mai kawo sammore. Muka sa suka faɗi abin da shanu ke ci da rani a garinsu: karan dawa, karmami, harawar wake da ta gyaɗa, dusa, da 'ya'yan gawo, itacen nan mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Wanda ya yi karatun Risala yana iya ƙara musu da lissafin zakkar shanu, da a ke fara fitarwa in sun kai talatin. Yara suna son wannan ƙwarai, don sun ji shi a wurin iyayensu.

Sai a rana ta uku muka komo kan littafin nan na Amurka, amma wannan karon da tarihinsa muka zo. Bayan yaƙin basasar ƙasar ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a jihar Texas har ba su da daraja, alhali a manyan biranen arewa da gabas nama yana tsada. Daga 1867 aka riƙa kora garkuna a ƙasa, tafiyar wata biyu ko fiye, zuwa wani gari Abilene a jihar Kansas, inda jirgin ƙasa ya ke ɗaukarsu zuwa mayankan Chicago. Watau su ma yawon suka yi, kamar yadda fatakenmu na dā su ke kora shanu daga Kano zuwa Ilori da Ikko, watau Legas. A 1874 wani manomi, Joseph Glidden, ya yi rajistar waya mai ƙaya, ta yi araha, kowa ya shiga kewaye fili. Hanyoyin shanu suka toshe, rigima ta tashi, har a Texas a 1883 mutane suna fita da dare suna yanke wayar juna. Da muka kai nan yara suka dubi juna, don labarin toshe burtali ba baƙo ba ne a wurinsu.

Amma abin da ya gyara kiwonsu na gaskiya wata masifa ce. Sun tara shanu fiye da abin da ciyawar filin za ta ɗauka, ba su kuwa ajiye kome ba. Sai hunturun 1886 zuwa 1887 ya zo da tsanani a filayen arewacin ƙasar, ƙanƙara ta rufe ciyawa, shanu suka mutu ba iyaka, attajirai da yawa suka karye. Waɗanda suka saura suka koyi rage garke daidai da fili, da yankan ciyawa a busar a ajiye, da haƙa rijiyoyi masu famfon iska. Muka nuna wa yara hunturun can shi ne ranin nan namu. Waya ba ta ciyar da saniya. Wanda ya kewaye shanu hamsin bai tanadi kilo 60,000 na abinci da ruwan shansu ba, kurkuku ya gina musu.

Yadda su ke yi yanzu, maraƙi ya kan zauna da uwarsa wata shida zuwa takwas, a yaye shi, ya ɗan ƙara kiwo a fili, sa'an nan a kai shi wurin ƙosarwa, a riƙa ba shi masara da sauran abinci na waɗansu watanni, a yanka shi galibi bai cika shekara biyu ba. Layin nauyinsa ba ya sauka ko sau ɗaya. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai kiwon turke ke nan, irin wanda inna ta ke yi wa ragon Salla." Ta kuwa faɗi gaskiya, bambancin yawa ne kawai. Muka ƙara musu da wani abu da ya faranta ran 'yan rugar. Wani babban gandu na Texas da a ke kira King Ranch, da ya ga shanun Turai ba su jimre zafi, sai ya haɗa su da masu tozo waɗanda asalinsu daga Indiya ne, aka sami sabon iri da hukuma ta amince da shi a 1940. Ƙasar Barazil kuma, wadda ta fi kowace ƙasa sayar da naman shanu waje, yawancin shanunta masu tozo ne, dangin namu.

Ba mu ɓoye musu wuyar abin ba. Gandu yana son fili mai takarda, da kuɗin waya, da rijiya mai zurfi, mai shanu ashirin kuwa ba shi da ko ɗaya. A Nijeriya an kafa gandun Obudu a kan duwatsun kudu maso gabas tun 1951, Jihar Arewa kuma ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, amma da yawa cikinsu gonaki da gidaje sun shige su. Malami ya yi hattara a nan. Yaran da ke gabansa, uban wani shanu sun taɓa cinye masa gero, uban wani an taɓa nome masa hanyar mashaya. Mu dai lissafin ciyawa muka ba su, ba mu yanke wa kowa shari'a ba.

Maganar cuta muka yi ta a taƙaice. Bushiya ta share shanun ƙasar nan wajen 1890, ta sake yin ɓarna mai yawa a 1983. Da allurar rigakafi, irin wadda ma'aikatar likitan dabbobi ta Vom da aka kafa a 1924 ta yi ta yi, aka ci ƙarfinta, har a 2011 aka ba da sanarwa ta ƙare a duniya duka. Ciwon huhu da sammore kuwa suna nan, don haka a gaya wa yara ranar allura ba ranar ɓoye shanu ba ce.

Ranar kasuwa muka nemi izini wurin Sarkin Fawa, muka kai su kwata da sassafe. Waɗansu suka ji tsoro, ba mu tilasta musu matsowa ba. Suka ga yanka da fiɗa, suka ga ma'aikacin lafiya yana duba huhu da hanta yana tsaga tsoka, ko akwai ƙwayoyin tsutsar ciki, waɗanda su ne dalilin da ya sa a ke son nama ya dahu sosai. Wani mahauci ya nuna musu cewa in an fitar da kai da ƙafafu da fata da kayan ciki, abin da ya saura kamar rabin nauyin san ne. Sauran rabin ma ba a yar da shi. Ƙirgi ya tafi wurin majema ko masu ganda, kayan ciki wurin masu farfesu, cinya kuma mai kilishi ya riga ya kama. Muka tambayi wani falke inda shanunsa za su, ya ce daga nan sai babbar mota, kwana biyu ko uku suna Legas. Muka sa yara suka nemo Maigatari da Potiskum da Mubi a taswira, manyan kasuwannin da shanu ke taruwa, har waɗanda su ke shigowa daga Nijar da Cadi da Kamaru.

A hanyar komowa ɗan manomin nan ya matso ya ce, "Malam, in an kulle shanu duka cikin waya, wa zai zuba wa gonarmu taki?" Gama a garinsu, in an gama girbi, ubansa ya kan kira Fulani su sauka a gonar, shanu su ci kara su bar kashi. Muka ce kowa ya je ya tambayi mahaifinsa dami nawa na harawa gonarsu ta ba da bara, da nawa aka sayar, da nawa aka bari ruwa ya doka. 'Yan rugar kuma su tambayo wata nawa shanunsu su ke yi ba su gida. Ran Litinin muka aro ma'auni wurin mai sayen gyaɗa, muka rataye shi a reshen darbejiya, yara suka fara kawo dammunan harawa ɗaya ɗaya muna aunawa, wanda ya fi iya rubutu yana sa nauyin a allo.