Ƙaurar Talakawa Zuwa Gabas a Ƙarni na 19

A ƙarni na 19, ƙaura mafi nisa da talakan ƙasar Hausa ke yi ita ce ta gabas. Wasu niyyar aikin hajji ke tayar da su, wasu fari ko yaƙi ko nauyin haraji, wasu kuwa tsammanin bayyanar Mahadi. Hanyar takan tashi daga Kano ta bi ta Kukawa a Barno, ta ratsa Bagarmi da Wadai da Darfur da Kurdufan, ta ƙetare kogin Nilu zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

Attajiri kan hau doki ko raƙumi, amma talaka ƙafarsa ce abin hawansa. In ya mallaki jaki ko takarkari, to shi ake ɗora wa hatsi da tukunya da salkar ruwa, a aza ƙaramin yaro a bisa kayan. Uwa na goye da jinjiri, da kaya a kanta. Iyali ba su cika kama hanya su kaɗai ba, saboda 'yan fashi da masu kamun bayi. Sukan jira ayarin fatake su raɓa da shi, su bi umarnin madugu game da lokacin tashi da wurin yada zango.

Abin lura a nan shi ne, babu guzurin da ke kai talaka ƙarshen wannan tafiya. Ko wurin da ya ƙulla a Kano ba ko'ina yake ci ba, domin a wasu ƙasashen gabas da ƙyallen saƙi ake ciniki. Saboda haka sana'a ita ce ainihin guzuri. Akan yi tafiya da rani. Da zarar damina ta faɗi sai a tsaya a wani gari, a ari gona ko a yi ƙodago, a girbe, sannan a ɗaura. Wanzami ya yi aski, malami ya yi rubutun sha da laya, mata su yi kaɗi da kitso da sayar da abinci. Shi ya sa tafiyar kan ci shekaru, har a haifi yaro a Wadai, sai ya yi wayo a isa Nilu.

Da yawa ba su kai Makka ba. Wasu cuta da ƙishirwa suka kashe, wasu suka sami ƙasar noma suka zauna. Tun a 1814 matafiyin nan Burckhardt ya tarar da irin waɗannan mahajjata a Sudan, ana kiran su Takarir, kalmar da Hausa ta mayar Takari. Jikokinsu na cikin waɗanda ake kira Fallata a can, kuma da yawa daga cikinsu suna jin Hausa. Ayarin da ya bi Sarkin Musulmi Attahiru a 1903 wannan tsohuwar hanya ya nufa, har ragowarsa ta kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.