Agogon da aka ce zai raba yaro da salula

Wata Asabar cikin watan Afrilu, ana zafin da ko ƙarfen soda ba ka son kunnawa, wani dattijo ya shigo shagona a Zinder, ɗansa na biye da shi. Daga Tirmini suka taso da sassafe. Bai ko zauna ba ya zaro ƙullin leda daga aljihu ya ajiye a kan teburi. Agogon hannu ne a ciki, irin mai gilashin nan da ake kwaikwayon Apple Watch da shi, bayansa ya ɗago kamar murfin tukunyar da ta tafasa.

"Malam, a duba mini wannan. Jika 15 na biya, ko wata biyu bai yi ba."

Ban taɓa agogon ba, don idona ya riga ya sauka kan hannun yaron, an naɗe wuyan hannun da tsumma. Na ce, "Baba, me ya sami hannunsa?" Ya ce ƴar ƙuna ce, an shafa mata man goge baki, za ta bushe. Na sa yaron ya kwance. Ƙuna ce zagayayya, faɗin kwabon dala ashirin, daidai inda bayan agogo ke kwanciya, ta yi ruwa, gefenta ya kumbura. Kwana huɗu ke nan. Na rufe shago, na tare musu kabu-kabu zuwa likita, na ce maganar agogo sai an wanke hannun nan tukuna.

Da suka dawo bayan azahar na ji labarin duka. Yaron yana ajin ƙarshe na kwalej, jarrabawar BEPC saura ƴan watanni. Wansa da ke ci-rani a Libiya ne ya aiko masa da salula bara. Tun daga nan barci ya ƙaura, TikTok da WhatsApp har asuba ta kusa, a aji sai gyangyaɗi, sakamakon zango na farko ya zube. Mushen ajinsu ya kira uban ya faɗa masa. Uban ya shigo gari hankali a tashe, ya faɗa hannun wani mai sayar da kayan salula, wanda ya nuna masa agogon ya ce na ƴan lakwal ne, idan yaro ya ɗaura ba zai ƙara damuwa da salula ba, komai zai gani a hannunsa. Dattijon ya sayar da wake ya biya.

Na buɗe agogon a gabansu. Batir babu suna, babu lamba, babu allon kariya. Mai sarrafa caji ya ƙone tun mako na biyu, aka kai wa wani mai gyara, shi kuma maimakon ya canza shi sai ya tsallake shi da ɗan zaren waya. Wato bolt 5 na shiga kai tsaye cikin lithium ɗin da iyakarsa 4.2. Wanda ya yi wannan aiki ya san abin da ya yi, ko kuwa bai sani ba kuma yake karɓar kuɗin mutane, ban san wanne ya fi muni ba. Yaron kuwa da yake caji na gari kuɗi ne, da dare yake maƙala masa fawabank, agogon na ɗaure a hannunsa, ya kwanta da shi a ɗakin kwano cikin zafin bazara. Allah ne ya kiyaye abin ya tsaya a ƙuna. A 2016 kamfanin Samsung, da duk ɗakunan gwajinsa, sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batir na kama wuta. To ina ga batirin da ko sunan wanda ya ƙera shi babu, kuma a kan fatar yaro yake kwana?

Fitilar nan kore ta baya da ake cewa tana auna bugun zuciya, na sa mata wani batir na kifa ta a kan katakon teburi, ta ba ni lamba. Dattijon ya daɗe yana kallon katakon bai ce komai ba.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai ba batirin ba ne. Na karɓi salular yaron na duba saitin agogon. Kowane saƙo a buɗe yake. WhatsApp ya shigo, hannu ya girgiza. Facebook, hannu ya girgiza. Rukunin ƴan ajinsu kaɗai ya isa ya hana hannun hutawa. A da idan salular na cikin jaka yakan manta da ita na ɗan lokaci, yanzu an ɗaura masa mai kira a jikinsa, a aji, a masallaci, a kan tabarma. Na tambaye shi, "Samari, tsakaninka da Allah, tun da ka sa agogon nan ka rage ko ka ƙara?" Ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙara. Uba ya sayar da wakensa ya sayo wa ɗansa salula ta biyu.

Ina da dalilin jin zafin wannan. Shekara biyu ke nan ina fama da ƙera abin hannu domin wannan matsalar, da kayan da nake sayowa daga Farm Centre a Kano da waɗanda nake cirewa daga matattun saluloli. Na fara da ƙwaƙwalwar na'ura ESP32, ya cinye batir kafin la'asar, na koma nRF52. Na farkon da na yi yana da allo, na ba ƴaƴan ƴan'uwana suka gwada, sai na ga allon suke ta latsawa, na cire shi. Abin da ya rage shi ne madauri, ɗan injin girgiza da Bluetooth. Manhaja a cikin salula tana ƙirga mintoci, idan yaro ya yi minti 20 a kan abin da shi da kansa ya zaɓa a ƙirga masa, sai ta girgiza hannu sau ɗaya. Babu saƙon da ke ratsawa ta cikinsa. Ko da haka ban kai ga sayar wa kowa ba. Salulolin da suka fi yawa a hannun yaranmu suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin caji, ƙirgar ta tsaya. Zufa na cin madauri. Sannan babbar matsalar, wadda ba ta da magani a teburina: yaron da bai yarda ba cire shi yake yi ya sa a aljihu. Waɗanda abin ya yi wa amfani su ne waɗanda dama sun gaji da kansu, tuni kawai suke nema.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Duk abin hannun da ke kawo saƙo ba ya rage salula, ƙara ta yake. Babu madaurin da zai tsare yaron da bai amince ba. Kada a yi caji abu yana jikin mutum. Batir ya kumbura, a cire, kada a danne shi da salatif a ci gaba.

Akwai kuma masu zuwa su ce in yi musu wanda zai ja yaro da wuta. Sun ji labarin Pavlok na Amurka, wanda manya ke saya su ɗaura wa kansu da yardarsu. Ba zan yi ba, kuma duk wanda ya ce zai haɗa muku irinsa a bakin kasuwa ku bar wurin. Mutumin da bai iya canza mai sarrafa caji ba shi za ku ba amanar sa wa ɗanku wuta a jijiya?

Abin takaicin shi ne, abin da dattijon ya biya jika 15 dominsa yana cikin salular ɗansa kyauta. Tun 2018 Google ta fito da Digital Wellbeing, wanda a salular da ke kan Faransanci za ka gan shi da sunan Bien-être numérique, ga kuma Family Link ga uban da ke da Android. Minti biyar ya ɗauke ni na sa wa TikTok iyaka na kunna yanayin barci. Masu sayarwa ba sa faɗa, tunda babu riba a ciki. Ƙasashen da suka fi mu kuɗin sayen na'urori ma ba agogo suka raba wa ɗalibai ba. Faransa doka ta yi a 2018 ta hana salula a firamare da kwalej. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a makarantu ya nuna cewa kasancewar salula kusa da ɗalibi kaɗai tana raba masa hankali. Nisanta ta suke yi da jikin yaro, mu kuma ana sayar mana da abin da zai manna ta.

Man goge baki kuma ba maganin ƙuna ba ne. Ruwa mai sanyi, sannan likita.

Kafin su tafi na tambayi yaron abin da ya kamata a ce an tambaye shi tun farko: me ya sa salular ke hannunsa kowane dare? Ya ce da ita yake haska littafi. Gidansu babu wutar NIGELEC, tocilar gidan ɗaya ce kuma tana wajen mahaifiyarsa. Sai ya kunna fitilar salula ya buɗe littafin lissafi, saƙo ya shigo, shi ke nan dare ya tafi. Wasu darussan ma ta WhatsApp ake turo musu, don haka ƙwace ta gaba ɗaya wata asarar ce. Wata biyu ana ta faɗa da shi, an yi duka, an yi sayayya, an ƙona hannu, babu wanda ya zauna ya ji wannan.

Na raka dattijon ya sayi ƴar fitila mai pano, kuɗinta bai kai rabin na agogon ba. Muka yi magana mu uku, yaron da bakinsa ya yarda cewa zai kwafe darasin da aka turo kafin magariba, bayan isha'i salula ta kwana a aljihun babansa. Na sake nanata wa uban, kada ya ƙara bari a yi cajin komai a kan shimfiɗa, har fawabank ɗin.

Bayan mako uku dattijon ya kira ni daga Tirmini. Ya ce hannu ya warke amma ya bar tabo, kuma sau biyu ya kama yaron ya lallaɓo neman salular da tsakar dare. Ya tambaya ko zai iya mayar da agogon a ba shi ko rabin kuɗinsa. Na ce ya gwada, in ya shigo gari ya biyo ta shago mu tafi tare. Batirin na cire shi, yana cikin gwangwanin yashi a bayan shago.