Tsamin Ƙullu Abinci Ne, Ba Maganin Gudawa Ba

Wata Talata da hantsi aka kawo mana yaro ɗan wata goma daga wani ƙauye a bayan Ƙofa. Maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, yana kuka ba hawaye. Na ja fatar cikinsa, ta ƙi komawa. Kwanansa huɗu yana gudawa.

Na ce wa uwar, "Baiwar Allah, me kike ba shi?" Ta zaro gora daga jaka. Ina cire murfin, wari ya bugi hancina. Ta ce, "Malama, ruwan shinkafa ne mai tsami. Mai magani a kasuwa ya ce ƙwayoyin cikinsa suna wanke hanji, wai haka ake yi a Indiya." Dafaffiyar shinkafa ta jiƙa a ruwan rijiya, ta bar ta a buɗe har kwana uku. Mai maganin ya kuma ce ta dakatar da nono sai cikin ya tsaya. A dakatar da nono ga yaron da ruwan jikinsa ke ƙarewa! Mu ma'aikata biyu muka yi ta neman jijiya, da ƙyar muka samu a kansa muka ɗaura ƙarin ruwa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma na kwana da ɓacin rai.

Abin da ya fi ci mini rai, mai maganin nan gaskiya ya tsinta ya cakuɗa da ƙarya. Shinkafar da ta yi tsami yadda ya kamata tana da amfani, kuma ba baƙuwarmu ba ce. Daga gonakin da ruwan Tiga ke shayarwa har zuwa Tudun Wada, shinkafa muke nomawa, iyayenmu kuma sun daɗe suna kwanar da ƙullun waina da sinasir. Bakteriyar da ke sa kindirmo tsami, danginta ne ke aiki a ƙullun. Tsamin laktik da suke fitarwa yana hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa, yana kuma rage fayitet, wato abin da ke tauye wa jiki samun sinadarin ƙarfe da zinki. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 1990 ya nuna kunun yaye mai tsami a Gana bai kai marar tsami gurɓata ba. Amma ƙullu ɗanyar shinkafa ce, a rufe, kwana ɗaya, sannan ya hau tanda.

Dafaffiyar shinkafa da ta daɗe a ajiye a ɗumi gidan ƙwayar cutar Bacillus cereus ce, kuma ɗumame ba ya kashe gubarta. Ƙullun da ya yi yauƙi ko fumfuna, a zubar. Kada a jiƙa da ruwan da ba za a iya sha ba. Kada a dakatar da nono. Na sake faɗa, kada a dakatar da nono, ko wa ya ce!

Yaro ya fara gudawa, a haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a ba shi zinki kwana 10 zuwa 14. Ya ƙi sha, ko aka ga jini, a kawo shi asibiti a ranar.

Iyaye mata, don Allah ku tambaye mu kafin ku ɗura wa yaro abin da mai maganin kasuwa ya faɗa.