Hoton Jenny Lind a Bangon Takardun Waƙa: Darasi ga Masu Adana Tarihi

Kafin zuwan faifai, takardun da aka rubuta karin waƙa a kansu ne ke kai waƙa gidajen jama'a. Da mawaƙiyar Suwidin, Jenny Lind (1820–1887), ta isa Amurka a 1850 bisa gayyatar P. T. Barnum, maɗaba'u suka riƙa ƙawata bangon takardun da hotonta domin jawo masu saye. Babu faifan muryarta da ya iso wannan zamani, don haka takardun na cikin muhimman shaidun shahararta. Manazarta kan duba sunan maɗaba'a da shekarar haƙƙin mallaka wajen tantance bugun asali. Raba bango da waƙarsa domin ado kuwa, kamar yadda wasu masu tarawa ke yi, salwantar da rabin shaidar ne.