Darasi: Mu saurari masu hawan duwatsun Abzin, amma mu tace maganarsu



Duk wanda ya shiga kasuwar Arlit ko ta Akokan a lokacin ɗari zai ga lemun Timiya da rummaninta, da albasar Tabelot, da tafarnuwa da dankalin turawa na Bagazam. Wannan kaya daga duwatsun Abzin yake fitowa. Shekara da shekaru, da ƙafa da jakuna masu garka suke sauko da shi daga kan tudu, kafin ya sami mota. Bagazam ɗin nan, wanda kakanninmu suka san shi da dawakinsa, a kansa ne dutse mafi tsawo a Nijar yake. Sunansa Idukal-n-Taghes, tsawonsa mita 2022.

A da, hawan dutse aikin masu garka ne, da makiyaya, da ja-gorori masu raka baƙi. Yanzu lamarin ya sake. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, matasa da dama suka bazu cikin duwatsu suna nema. Da kamfanin Kominak ya rufe ma'adininsa ran 31 ga Maris 2021, wasu magidantan Akokan ma suka koma neman abinci a can. Da yawa a cikinsu ba su taɓa kwana a kan dutse ba. Abin da suka ji a wurin shan shayi, shi ne guzurinsu. Saboda haka muka ga ya dace mu ɗauki maganganun da masu hawan dutse suka saba yi, mu duba su. Wasu gaskiya ne. Wasu kuwa suna iya kai mutum kabari.

Maganarsu ta farko a kan ruwa take. Suna cewa nauyin ruwa ba nauyi ba ne, kuma ba a tashi sai an san rijiyar da za a sauka. Wannan haka yake. Iskar Abzin busasshiya ce, tana shanye gumi tun kafin mutum ya gan shi. Sai jiki ya yi ta zubar da ruwa, mai shi bai sani ba. Kada mu jira sai ƙishirwa ta kama mu. Mu riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun da safe. Mu dubi fitsarinmu: in ya yi ja, ya yi kaɗan, to ruwan jiki ya ragu. In ciwon kai da jiri suka biyo baya, a nemi inuwa a zauna. A cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a motsa, a sha. Shi ne dai haɗin da ake bai wa yaro mai gudawa. Shayi mai ƙarfi yana da daɗi, kuma ba mu hana shi ba, amma finjali uku ba su maye gurbin ruwa.

Sai dai akwai inda muka rabu da su. Suna cewa ruwan da ya taru a kwarmin dutse ba ya cuta, tun da garau yake, ga sanyi. Ido ba ya ganin ƙwayar cuta. Awaki da jakuna da birai suna sha a wurin, suna yin kashi a bakinsa. A tace shi da ƙyalle mai tsabta, a tafasa, ko kuwa a jefa ƙwayar tsabtace ruwa irin ta Aquatabs, a jira minti 30. Mai garka da ya saba da ruwan tun yana yaro yana iya sha ya wuce. Baƙon da ya zo daga gari, gudawa ce za ta kwantar da shi a inda babu likita.

Wani ruwan kuma shi ne na ƙorama. Dattawan Abzin ba su yarda a kwana a cikin ƙorama da damina, ko da sama tana garau. Dalili shi ne dutse ba ya shan ruwa. In aka yi ruwan sama a nesa, sai ya gangaro gaba ɗaya cikin dare, ya tafi da mutum da dabba da mota. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar Satumba 2009 ba. Rairayin ƙorama yana da taushin kwanciya, shi ya sa baƙo yake son sa. A hau tudu, ko da tsakuwa za ta dami haƙarƙari.

Game da sanyi ma sun yi gaskiya. Duk mita 1000 da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. A watannin Disamba da Janairu, ruwa yakan daskare a kan Bagazam da asuba. A tafi da bargo da safa, a rufe kan yara da ƙirjinsu. Amma kada a shiga da kaskon gawayi cikin ɗaki ko tanti a toshe ko'ina. Garwashi yana fitar da wata iska marar wari wadda take sa barci, mutum ya wuce daga nan. Akwai kuma masu cewa hakin da yake kama baƙo alama ce ta rashin iska a sama. Ciwon tsawo yakan soma ne daga wajen mita 2500, duwatsunmu kuwa ba su kai nan ba. Haki na gajiya yana wucewa in an huta. Wanda hakinsa bai wuce ba, ko yake jin ciwon ƙirji, ko ya daɗe yana tari, ya sauka ya ga likita. Wannan ya fi shafar tsofaffin ma'aikatan ma'adini da masu daka dutsen zinariya, domin ƙurar dutse tana lalata huhu a hankali.

Inda kuskure ya fi yawa shi ne saran maciji da harbin kunama. Mun sha jin ana cewa a tsaga wurin da reza, a tsotse, a ɗaure tamau da igiya, a manna baƙin dutse. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya fitar da dafi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, to wanda aka tsaga sai ya yi ta zubar da jini. Ɗauri mai tsanani kuwa yana kashe hannu ko ƙafa, har a kai ga yankewa. Abin yi shi ne a kwantar da mutumin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe da munduwa da agogo kafin kumburi. A ɗora kara ko sanda a jikin gaɓar don kada ta motsa. A ɗauke shi a kan jaki ko raƙumi, kada ya taka da kansa, a nufi gidan likita mafi kusa. Allurar kashe dafi ce magani. Kunamar arewa kuma ba abar wasa ba ce, musamman ga yaro. In ta harbi yaro ya soma gumi da amai da dalalar miyau, kada a jira wayewar gari. A karkaɗe takalmi da bargo kowace safiya, kuma kada a tura hannu ƙarƙashin dutse.

In hira ta yi nisa, sai ta gangaro kan siyasa. Mutanen dutse ba su cika ambaton jam'iyya ba. Maganarsu ba ta wuce hanya da zaman lafiya. Sun ga tawayen da ya soma a 1990, wanda aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Sun ga na biyu, daga 2007 zuwa 2009, lokacin da aka binne nakiyoyi a hanyoyi, mutanen Ifarwan suka bar garinsu, kayan garka suka ruɓe don rashin mota. Da aka sace baƙi bakwai a Arlit a Satumba 2010, ƴan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, ja-gorori da maƙera suka rasa ciniki. Suna kuma cewa tun 1971 ake fitar da yuraniyom daga Arlit, amma mai naƙuda a ƙauyen dutse tana shan wuya kafin ta isa asibiti. Ba mu ga abin musu a nan ba. Kuma wannan magana ta shafi lafiya kai tsaye, domin allurar maciji ba ta amfanar wanda ya kwana biyu a hanya. Darasi ɗaya da yaƙi ya bari shi ne wannan: a bi sawun da aka sani, kuma in an ga baƙon ƙarfe a ƙasa kada a taɓa. A sa alama daga nesa, a gaya wa mai gari ko jandarmomi.

Sai batun daji. An keɓe gandun Abzin da Tenere a 1988, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Duk da haka jiminar Abzin ta ƙare a daji a shekarun tawaye, ragon dutse da barewa sun ragu. Masu garka suna kukan cewa rijiyoyi suna ƙara zurfi tun da injin ban ruwa ya karɓi aikin raƙumi da sa. Suna ɗora laifin saran itace a kan mutanen gari. A nan, mu mazauna Arlit da Akokan sai mu sunkuyar da kai, domin a murhunmu itacen yake ƙarewa. Murhu mai tattalin itace, ko gas, ko gawayin ƙasa na Cirozerin, kowanne yana rage sara. Su kuma masu garka, jera duwatsu a gicciye a kan gangare yana tare ruwan sama har ya nutse, rijiya ta samu.

A zama na gaba a ajin yaƙi da jahilci, kowa ya zo da ƙaramin cokali da kwalbar lita ɗaya. Malami zai sa a haɗa ruwan gishiri da sukari a gaban kowa, sannan kowane ɗalibi ya rubuta awon a takarda, ya sa ta cikin jakar tafiyarsa.