Ɗanki a Jardan: Yadda Yake Wuni, Abin da Yake Koyo, da Aikin da Ya Rage Maki

 

Darasinmu na wannan karo ya shafi uwar da ta sa ɗanta ko 'yarta a makarantar ƙananan yara mai koyarwa da Faransanci, wadda a Maraɗi da Damagaram da Yamai aka fi sani da jardan. Duk watan Oktoba idan an koma makaranta, sai ki ga uwa ta yi wa ɗan shekara uku wanka, ta rataya masa 'yar jaka, ta miƙa shi a bakin ƙofa yana tsala kuka, ta juyo gida ita ma zuciyarta ba daɗi. Idan ya dawo ta tambaye shi me aka koya masu, sai ya ce mata wasa. Wata ta ce to ai wannan asarar kuɗi ce. Wata kuma tsoronta daban ne: kada yaro ya tashi da bakin wasu ya manta nasa, ko ya kwaso ɗabi'ar da ba ta gidansu ba. Duka biyun tambayoyi ne na uwa mai hankali, kuma su za mu duba yau.

Daga ina tsarin ya fito?

Asalinsa daga Faransa ne. A shekarar 1881 aka ba irin waɗannan makarantu sunan da ke nufin "makaranta mai kama da uwa". Wata mata mai suna Pauline Kergomard, wadda ta daɗe tana babbar mai duba su, ita ta dage a kan cewa ƙaramin yaro ta hanyar wasa da motsi da magana yake koyo, ba ta zaman benci yana haddar abin da bai gane ba. Tun 2019 doka a Faransa ta wajabta ba yaro ilmi daga shekara 3. Aji uku ne a tsarin: ƙaramin aji na 'yan shekara 3, na tsakiya na 'yan shekara 4, da babban aji na 'yan shekara 5. A kan wannan tsari wasu daga cikin namu na birane suke tafiya. Daga nan yaro ya wuce firamare mai aji shida, daga CI har CM2.

Ki lura da wannan CI ɗin. Aji ne na share fage, domin yawancin yaranmu suna zuwa makaranta ba su taɓa jin Faransanci ba. Yaron da ya yi jardan yana shiga CI kunnensa ya riga ya saba da harshen, ya san zama a aji, ya san riƙe alli. Wannan ita ce babbar ribar da kike nema, ba wai ya iya karatu yana ɗan shekara huɗu ba.

Yadda yake wuni

Makaranta ta bambanta da makaranta, amma galibi da safe malama takan tara su wuri ɗaya, a kan tabarma ko 'yan kujeru. A gaisa, a kira suna, a faɗi ranar mako da kwanan wata, a yi 'yar waƙa da tafi. Kullum abu ɗaya ake maimaitawa, kuma da gangan ne. Maimaicin nan shi ke sa kalmomi su zauna a kansa, kuma hankalin yaro yakan kwanta idan ya san abin da ke biye.

Daga nan sai a raba su ƙungiya-ƙungiya. Wasu suna zane, wasu suna mulmula laka, wasu suna zura duwatsun ado a zare, wasu suna ware ja daga shuɗi, babba daga ƙarami. Wannan shi ne "wasan" da yake gaya maki. Yatsun ɗan shekara uku ba su yi ƙwarin riƙe fensir ba tukuna. Mulmula laka da zura zare su ke ƙarfafa su. Layukan tsaye da na kwance da da'ira da yake cika takarda da su, daga su haruffa za su fito, tunda makarantun Faransanci rubutu mai haɗe-haɗe suke koyarwa. Ware kaya da jera su kuwa tushen lissafi ne. Sai a fita shan iska, a ci ɗan abin da aka zo da shi, a dawo a saurari labari. Ban da wannan duka, yana koyon jiran layi, da raba abin wasa da wani, da mayar da kaya inda ya ɗauko.

Kin ga ke nan rabin wannan aiki kina da shi a tsakar gidanki. Ki ba shi wake ya tsince. Ki sa shi ya jera maki kwanoni daga babba zuwa ƙarami. Ya ƙirga tumatir da albasa da Hausa kafin ki yanka. Yaron da ya gane cewa uku ta fi biyu a bakin murhu, sunan kawai zai sauya idan ya je aji.

Maganar harshe

Nan ne damuwa ta fi yawa, don haka za mu ɗan tsaya.

Da farko, idan malama ta ce maki ɗanki ba ya magana a aji, kada hankalinki ya tashi. Yaro da yawa idan suka faɗa cikin sabon harshe sukan yi shiru na makonni, wani har watanni, suna saurare suna tarawa. Abin da za ki duba shi ne: a gida yana surutunsa da Hausa? Idan yana yi, to lafiya lau. Idan kuwa a gidan ma ba ya haɗa magana kamar tsaransa, ko sai kin ɗaga murya yake waiwayowa, to ki kai shi asibiti a duba kunnensa, kada ki ɗora wa Faransanci laifi.

Na biyu, za ki ji yana gauraya harsunan biyu a jimla ɗaya. Wannan ba ruɗewa ba ce, kalmar da ta fi kusa da bakinsa yake ɗauka. Kada ki yi masa dariya ko tsawa. Ki maimaita masa maganar da cikakkiyar Hausa ki wuce.

Na uku, akwai wuraren da kowane ɗan Hausa yake tuntuɓe. Faransanci yana da sautin "v" wanda ba mu da shi, sai yaro ya mayar da shi "b". Yana kuma rarrabe "p" da "f", mu kuwa ba mu rarrabe su. Akwai wasulan da ake fitarwa ta hanci. Sannan su ma suna raba kalmomi namiji da mace kamar mu, sai dai rabon bai zo ɗaya ba. A Hausa rana mace ce, wata namiji. A Faransanci rana namiji ce, wata kuma mace. To idan ɗanki ya juya su, ba daƙiƙanci ba ne, Hausarsa ce take aiki. Lokaci zai gyara.

Kuskuren da muke son ja maki kunne a kai shi ne wanda wasu iyaye ke yi da kyakkyawar niyya: su hana Hausa a gida wai don yaro ya yi saurin kama Faransanci. Sai uwa ta koma yi wa ɗanta guntun Faransancin da bai wuce "zo", "zauna", "yi shiru" ba. A ƙarshe yaro ya tashi ba shi da zurfi a ko ɗaya. Tun 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto tana cewa harshen uwa shi ya fi dacewa a fara koyar da yaro da shi. A Nijar ma an buɗe makarantun gwaji masu farawa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, kuma a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Yaron da ya iya ba da labari da Hausa daga farko har ƙarshe, ya san dalili da sakamako, ya san jiya da gobe, wannan basirar da ita zai shiga kowane harshe. Kuma da wane baki zai gaida kakarsa idan an je ƙauye? Da wane baki za ki yi masa nasiha ranar da ya girma ya shiga damuwa?

Saboda haka rabon aiki a fili yake. Malama ta riƙe Faransanci, ke ki riƙe Hausa, ki ba shi ita wadatacciya: tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, kacici-kacici, karin magana, sunayen dangi da na itatuwa. Ko ba ki jin Faransanci ko kalma ɗaya, ki ce ya rera maki waƙar da aka koya masu, sannan ki ce ya gaya maki ma'anarta. Idan bai sani ba, ki tambayi malama. Ta haka kin san abin da ke shiga kunnen ɗanki, shi kuma ya ga karatunsa yana da daraja a wurinki.

Tsakanin jardan da allo

Yawancin yaranmu da safe suna jardan, da yamma suna makarantar allo ko Islamiyya. Haɗa biyun ba baƙon abu ba ne a ƙasar. Tun 1957 aka buɗe makarantar Faransanci da Larabci ta farko a garin Say. Amma ki tuna ɗan shekara huɗu ne. Can ana rubutu daga dama, nan daga hagu, don haka idan kin ga ya juya harafi ko ya fara layi daga inda bai kamata ba, abu ne da yara masu wannan shekaru suke yi ko da harshe ɗaya suke koyo. Abin da ya fi cutar da shi gajiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, kuma kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa 1. Ki bar masa barcin rana tsakanin makarantun biyu, ki kwantar da shi da wuri bayan isha'i.

Akwai kuma ladubban da ba za ki jira makaranta ta koya masa ba. Bisimilla kafin cin abinci, ci da dama, addu'ar fita gida, tsarki da ruwa. Ki tambaya ko akwai buta da sabulu a bayin makarantar. Kafin ranar farko ki koya masa yadda zai nemi izinin fitsari da kalmar da malama take ganewa, domin yaro da yawa suna jiƙa wando ne saboda ba su san yadda za su faɗa ba, kunyar abin kuma ta sa su ƙi makaranta. Ki sa masa wandon canji a jaka. Haka nan mu muna koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, a aji kuwa wata malamar so take ya dube ta idan tana magana. Ki fahimtar da shi cewa kowane wuri da ladabinsa, ki kuma gaya wa malama cewa sunkuyawarsa kunya ce, ba taurin kai ba.

Ki shiga ki gani da idonki

'Yar uwa, amana ce kika kai, kada ki tsaya a bakin ƙofa. Ba mu manta da 2021 ba. A watan Afrilu gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu, yawancinsu 'yan jardan. A watan Nuwamba irin haka ta sake faruwa a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Bayan nan gwamnati ta hana sanya 'yan jardan a azuzuwan zana. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Don haka ki duba da me aka gina ajin, ƙofa nawa gare shi, ana dafa abinci ko ƙona shara kusa? Akwai ruwan sha mai tsabta? Yara nawa ke hannun malama ɗaya? Ana dukan su? Wa ake ba yaro idan an tashi? Ki faɗa wa makaranta sunan wanda zai riƙa ɗauko shi, kada a miƙa shi ga kowane ɗan kabu-kabu da ya ce an aiko shi. Ki tabbata allurar rigakafinsa ta cika, kuma ranar da ya tashi da zazzaɓi asibiti za ki nufa da shi, ba aji ba.

Abin da uwa ɗaya ba za ta iya gyarawa ba, iyaye mata ashirin za su iya. Makarantu da dama suna da ƙungiyar iyayen yara, da ƙungiyar iyaye mata, da kwamitin kula da makaranta. Idan an kira taro ki nemi izinin maigida ki je, ko ku je tare. Rashin Faransanci kada ya hana ki buɗe baki. Ki yi maganarki da Hausa, ɗanki ne a ciki. Randar ruwa, buta, tabarma, inuwar da yara za su zauna, duk abubuwa ne da 'yar gudummawar mata take samarwa. Ita ma malama ki riƙa gaishe ta da mutunci, kada ki zage ta gaban yaro. Idan akwai ƙorafi ki same ta ku biyu. Mai wuni da yara talatin ko fiye tana buƙatar addu'arki da haɗin kanki.

Aikin wannan mako: ki zaɓi rana ɗaya ki raka ɗanki har cikin aji, ki dubi abubuwan da muka lissafa. Da dare kuma ki yi masa tatsuniya ɗaya, washegari ki ce shi ya maimaita maki.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya tsare mana su a fitarsu da dawowarsu, amin. Sai mun haɗu a darasi na gaba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.