Darasin Kimiyya: Abin da Tarkacen Ɗaki Ke Yi wa Ƙwaƙwalwa da Huhu

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan ɗakin da kuke kwana ne da kayan da ke jibge a cikinsa. Mutane da yawa suna ɗaukar rage tarkace harkar ado ce kawai, wani na son ɗaki cike, wani na son fili. To amma jikin mutum yana biyan kuɗin kowane abu da aka ajiye a ɗaki, kuma masana sun auna wannan kuɗin.

Mu fara da gwaji. Ga faranti, na zuba masa abubuwa 15: makulli, allura, ashana, alli, murfin kwalba da sauransu. Zan buɗe na daƙiƙa biyu in rufe, kowa ya rubuta abin da ya gani. Za ku tarar yawancinku ba ku wuce huɗu ko biyar ba. Wannan ba dakikanci ba ne, iyakar ma'ajiyar wucin gadi ce ta ƙwaƙwalwa, wadda ke riƙe abin da mutum yake aiki da shi a nan take. A 1956 George Miller ya ƙiyasta cewa tana ɗaukar abubuwa kamar bakwai. A 2001 Nelson Cowan ya sake duba hujjoji ya ce adadin ya fi kusa da huɗu.

Tun da wurin ƙarami ne, abubuwan da ido ya gani sai sun yi gasa kafin su shiga. A 2011 Stephanie McMains da Sabine Kastner na Jami'ar Princeton a Amurka sun yi amfani da na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, suka nuna cewa idan abubuwa da yawa suka bayyana a gaban ido lokaci guda, kowanne yana danne saƙon ɗan'uwansa a sashen gani da ke ƙeya. Kafin mutum ya tsayar da hankali a kan abu ɗaya, sai ƙwaƙwalwa ta yi aikin ture sauran. Siffofi a kan allon kwamfuta aka yi gwajin da su, ba ɗakin kwana ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: kana zaune kana karatu, tulin wanki da kwalaye da igiyoyin caja suna neman rabonsu na hankalinka ko ba ka waiwaye su ba.

An gwada wannan a aji irin namu. A 2014 Anna Fisher da abokan aikinta a Jami'ar Carnegie Mellon sun koyar da yara 24 'yan ajin share fage darussan kimiyya shida, uku a ɗakin da aka cika bangonsa da hotuna da taswirori, uku a ɗakin da bangonsa ba komai. A ɗakin ado yaran sun ɓatar da kusan kashi 39 cikin 100 na lokacinsu hankali na wani wuri, a ɗayan kuwa kashi 28. A jarrabawa sun ci kashi 42 a darussan ɗakin ado, kashi 55 a na ɗaki mai fili. Mu malamai ma wannan ya shafe mu, domin mu ne muke manna komai a bango muna ganin taimako muke yi.

Daga ido sai jini. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke fitar da sinadarin kotizol, wanda ke shirya jiki ya fuskanci wahala. A mai lafiya yana hawa sosai da safe bayan tashi daga barci, sannan ya riƙa sauka har dare, jiki ya samu hutu. A 2010 Darby Saxbe da Rena Repetti na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun binciki ma'aurata 30, miji da mata duk ma'aikata. Kowa ya zagaya gidansa yana bayyana shi, aka kuma auna kotizol a yawunsu. Matan da suka fi ambaton hargitsi da ayyukan da ba a gama ba, kotizol ɗinsu bai sauka yadda ya kamata ba zuwa dare, kuma ransu ya fi ɓaci da yamma. Ku lura da abu biyu. Binciken ya nuna alaƙa ce, domin gajiya ma tana iya hana mutum gyara ɗaki. Sannan a mata aka ga abin sosai, ba a maza ba, kuma a ganina dalili a fili yake: wanda aikin ke wuyansa shi yake ganin kowane tuli a matsayin bashi.

Yanzu mu zo kan numfashi, inda lamarin ya fi kusa da mu. Da hunturu iska tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta sauke mana a Kano da Damagaram da Sakkwato. Ƙura a kan fuskar abu take sauka, don haka yawan kaya yawan wurin saukarta. Ku ɗauki jeren amarya: kwalla da samira da tangaran, layi bisa layi har kusa da rufi. Jere dukiya ce, kuma alfaharin uwa ne, ba na raina shi. Amma kwano 60 a fili yana nufin murfi 60 da za a goge, kuma duk gogewa da busasshen tsumma tana mayar da ƙurar cikin iska ne, ta koma hancin mai ɗakin da jaririnta. Kabet mai ƙofar gilashi tana tare ƙura. Mai ƙofar katako tana tare ƙura, ta kuma hutar da ido.

Da damina matsalar takan sauya. Laima tana raya wasu ƙwari da tsawonsu bai kai rabin milimita ba, masu cin ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu. Suna zaune a katifa da kafet da labule da tsofaffin tufafi, kuma kashinsu yana tayar da asma da atishawa. Tufafin da aka rataya a igiya a lungu mai duhu maɓoyar sauro ce da rana. Tulin kwalaye da buhuna a ƙarƙashin gado kuwa gidan kyankyaso ne da kunama da ɓera. Kada ku raina ɓera: wani nau'insa ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, kuma ta fitsarinsa da kashinsa take shiga abinci.

To me ya sa rabuwa da kaya ke da wuya? A 1990 Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler sun raba wa rabin wasu ɗalibai kofuna a Jami'ar Cornell, suka buɗe ciniki. Waɗanda aka ba kofin sun nemi kimanin ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya, alhali mintuna kaɗan da suka wuce kofin ba na kowa ba ne. Da abu ya zama naka, sai darajarsa ta kumbura a idonka. Daga nan ne “wata rana zai yi amfani” ke fitowa, har matacciyar rediyo ta shekara goma a kan sif. Maganinsa tambaya ce: da ba nawa ba ne, zan fitar da kuɗina in saye shi yau?

Saboda haka ɗaki mai natsuwa ba sai an sayi sabon abu ba. A bar taga a buɗe, kada sif ta tare ta, domin iska ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan. A ɗaga kaya daga ƙasa yadda tsintsiya za ta kai kowane lungu. Hatsi ya shiga mazubi mai murfi. Shara da goge-goge a yi su da ɗan danshi. Bangon da mutum ke fuskanta in yana karatu ko kwance, a bar shi da abu ɗaya ko biyu.

Ga aikin gida. Kowa ya zaɓi lungu ɗaya a ɗakinsu, ya ƙirga abubuwan da ke wurin ya rubuta adadin. Ya ware waɗanda ba a taɓa ba tun damina da hunturun da suka wuce. Ku nemi izinin iyayenku kafin ku taɓa kayan da ba naku ba. Mai kyau a bayar sadaka, ƙarfe da roba a sayar wa 'yan jari-bola. Bayan mako guda ku shafa farin ƙyalle a lungun da kuka gyara, ku shafa wani a lungun da ba ku taɓa ba, ku zo mini da ƙyallayen biyu da adadin da kuka rubuta.